Ɓarin Hagu da Ɓarin Dama: Abin da Iyali Ya Kamata Su Sani Game da Ƙwaƙwalwa da Cututtukan Tsufa



Tun da aka kammala madatsar ruwan Lagdo a kan Kogin Binuwai a shekarar 1982, tafkin ya jawo masunta da 'yan kasuwa daga Arewa Mai Nisa, da Najeriya, da Chadi, har da Mali. Saurayin da ya sauka a nan a wancan lokaci yana da shekara 25, yau ya doshi 70. Garin da aka san shi da matasa majiya ƙarfi ya soma tara dattawa, kuma tare da tsufa wasu cututtuka ke zuwa waɗanda ba mu saba da su ba. Ga wanda hannunsa ɗaya ya kama karkarwa, ga wadda kalmomi suka soma kuɓuce mata, ga wanda ya daina gane hanyar gidansa daga kasuwa.

Yawancin waɗannan alamu daga ƙwaƙwalwa suke tasowa, kuma sau da yawa ɓari ɗaya suke fara kamawa. Iyalin da suka san aikin kowane ɓari za su iya gane abin da ke faruwa da wuri, su kai mara lafiya inda ya dace, su kuma yi wa likita bayanin da zai amfane shi.

Yadda ƙwaƙwalwa take

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samarwa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, masu aika wa juna saƙo dare da rana. Ta rabu gida biyu kamar ƙwayar gyaɗa, ɓarin hagu da ɓarin dama. A tsakaninsu akwai wata gada ta zaren jijiyoyi kimanin miliyan 200, wadda ta nan ne kowane ɓari ke sanin abin da ɗan'uwansa yake yi, kamar yadda gadar Garwa ta haɗa gaɓoɓin Binuwai biyu.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne wannan: jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna gittawa a gindin ƙeya kafin su shiga laka. Saboda haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa hannun dama da ƙafar dama, ɓarin dama kuma shi ke sarrafa na hagu. Idan hannun dama ya mutu, to a ɓarin hagu na kai matsalar take.

Aikin kowane ɓari

A shekarar 1861 wani likita a birnin Faris, Paul Broca, ya duba wani mara lafiya da ya yi shekara 21 ba ya iya furta komai sai kalma ɗaya tak, alhali yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu, Broca ya bincika ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da lahani a gaban ɓarin hagu. A 1874 wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya gano wani wuri a bayan wancan, shi ma a hagu. Wanda wannan wuri ya lalace masa yana zuba magana ba tsayawa, amma maganar ba ta da ma'ana, kuma ba ya gane abin da ake gaya masa.

Daga nan aka tabbatar cewa harshe galibi a ɓarin hagu yake: furta kalma, sanin sunan abu, karatu, rubutu, da lissafi irin na ƙidayar kuɗi. Haka abin yake ga kimanin 95 cikin 100 na masu amfani da hannun dama, da kimanin 70 cikin 100 na bahagwai.

Ɓarin dama kuwa ya fi ƙarfi wajen sanin wuri da nisa, gane fuskoki, lura da abin da ke kewaye da mutum, da fahimtar sautin magana, wato bambance zolaya da faɗa ko da kalmomin iri ɗaya ne. Masuncin da ke gane hanyarsa tsakanin tsibiran tafki da asuba yana dogaro ƙwarai da wannan ɓari. Lokacin da ya dawo gaɓa yana ciniki yana ƙirga canji, ɓarin hagu ne ya fi aiki.

A shekarun 1960 likitoci a Amurka sun yanke gadar da ke tsakanin ɓarin biyu ga wasu masu farfaɗiya mai tsanani don su rage musu faɗuwa. Masanin da ya nazarce su, Roger Sperry, ya ga abin mamaki: idan aka sa wa mutum cokali a hannun hagu ba tare da ya gani ba, ba ya iya faɗin sunansa, amma hannun zai iya zaɓo cokalin daga cikin tarin kaya. Ɓarin dama ya san abin, sai dai ba shi da hanyar isar da saƙon zuwa inda magana take. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1981.

Zantuka biyu da ke bukatar gyara

Ana yawan ji a rediyo da Facebook cewa wai mutane kashi biyu ne, masu ƙwaƙwalwar hagu masu lissafi da masu ƙwaƙwalwar dama masu fasaha. A 2013 masana a Jami'ar Utah da ke Amurka sun duba hotunan ƙwaƙwalwar mutum fiye da 1,000, ba su sami shaidar cewa wani na rayuwa da ɓari ɗaya fiye da ɗayan ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko gaisuwar safe sai ɓarin biyu sun haɗu: ɗaya ya kawo kalmomi, ɗaya ya gane fuskar wanda ake gaisarwa.

Na biyu, zama bahago ba cuta ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba ne. Kusan mutum 1 cikin 10 haka aka halicce shi. Ana iya koya wa yaro cin abinci da miƙa kaya da dama cikin lallami, amma duka ba ya sauya yadda ƙwaƙwalwarsa take. Abin lura shi ne babban mutum da ya saba aiki da dama, sai aka ga ya koma hagu ba dalili. Wannan alama ce da ke bukatar a duba shi.

Abin da ke zuwa farat ɗaya: shanyewar ɓarin jiki

Jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa kamar magudanan da ke kai ruwa gonakin shinkafa suke. Idan ɗaya ta toshe ko ta fashe, yankin da take shayarwa yana soma mutuwa cikin mintuna. Babban abin da ke jawo haka shi ne hawan jini.

Idan abin ya sami ɓarin hagu, hannu da ƙafar dama ke shanyewa, magana ta ɗauke ko ta rikice. Irin wannan mara lafiya yakan san halin da yake ciki, shi ya sa yakan yi kuka ko fushi idan kalma ta ƙi fitowa. Hankalinsa yana nan. Kada a yi magana a kansa kamar ba ya wurin.

Idan ɓarin dama ne, jikin hagu ke shanyewa, magana kuma takan tsira, sai iyali su ɗauka abin da sauƙi. Amma akwai haɗarin da ke ɓoye. Mutumin yakan manta da duk abin da ke hagunsa: ya ci rabin tuwon da ke dama a kwano ya bar sauran, ya sa hannun riga ɗaya, ya yi karo da ƙofa. Wani ma yakan musanta cewa ba shi da lafiya, ya yunƙura zai tashi ya faɗi. Wannan ba taurin kai ba ne, ɓarin da zai sanar da shi ne ya lalace.

Alamu uku sun isa a tashi: baki ya karkace, hannu ɗaya ya kasa ɗaguwa, magana ta sauya. A lura da lokacin da abin ya fara, a kwantar da shi a kan gefensa, a nemi mota nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, domin maƙogwaro yakan kasa haɗiya, abin ya wuce cikin huhu. Kada a ba shi asfirin kafin likita ya duba, domin idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Kada a tsaya yin ƙaho ko tsaga. Ko da alamun sun wuce cikin 'yan mintuna, a je asibiti a ranar, domin gargaɗi ne na babbar faɗuwa.

Abin da ke zuwa sannu a hankali

Akwai wasu cututtuka da ba toshewar jini ke kawo su ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa kaɗan-kaɗan cikin shekaru, kamar yadda gara ke cin azara. Su ma sukan fara da ɓari ɗaya, kuma ɓarin da suka fara kamawa shi ke nuna alamun farko.

Cutar karkarwa. Likitoci na kiranta cutar Parkinson, da sunan likitan Landan James Parkinson wanda ya bayyana ta a 1817. Can cikin ƙwaƙwalwa, hagu da dama, akwai ƙwayoyin da ke samar da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke sa motsi ya tafi sumul. Kafin alamu su bayyana, kusan rabin waɗannan ƙwayoyi ko fiye sun riga sun mutu. Kusan kullum ɓari ɗaya ke riga ɗayan lalacewa, shi ya sa cutar ke farawa a hannu ɗaya. Yatsu na motsi kamar mai jan carbi alhali hannun yana ajiye a cinya, kuma karkarwar takan lafa idan ya miƙa hannu zai ɗauki abu. Hannun ya daina lilo idan ana tafiya, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa, rubutu ya ƙanƙance, fuska ta daina nuna fara'a, murya ta yi ƙasa. Bayan shekaru cutar takan haura ɗaya gefen, amma inda ta fara yakan ci gaba da fin tsanani.

Wannan bambanci yana da amfani wajen ganewa. Idan karkarwa da sanƙarewar jiki suka kama hannu biyu lokaci guda, likita zai tambayi magungunan da ake sha, domin wasu magungunan taɓin hankali da na hana amai suna kawo irin waɗannan alamu, kuma sukan wuce idan likita ya sauya maganin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ke da wannan cuta, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar halitta da ke ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka ta Yamma. An kuma danganta cutar da daɗewa ana mu'amala da magungunan feshi, har ƙasar Faransa ta amince a 2012 cewa cuta ce da aikin gona ke iya jawowa. Wannan ya shafi manoman auduga da masara da shinkafa na yankinmu kai tsaye.

Cutar ba ta warkewa, amma akwai maganin da ke maye gurbin sinadarin da ya ragu, wanda a jikin kwali ake rubuta shi Levodopa. Mutane da yawa sun koma sana'arsu shekaru da dama da taimakonsa. Ana shan sa a kan lokaci kullum, kuma ba a daina shi farat ɗaya.

Cutar mantuwa. Abin da muke kira gigin tsufa ba dole ne ya sami kowane tsoho ba, cuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Mafi yawanta ita ce cutar Alzheimer, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Tana farawa a ma'ajiyar sabbin abubuwa, wadda ke akwai a ɓarin biyu. Shi ya sa tsohuwa za ta ba da labarin aurenta dalla-dalla, amma ta manta ta ci abinci ɗazu. Idan cutar ta fi cin hagu, neman kalma da ƙidayar kuɗi ke fara wuya. Idan ta fi cin dama, ɓata a hanya da kasa sa tufafi daidai ke fara bayyana. Wanda ya koyi Faransanci ko Hausa ko Fulatanci da girma yana iya rasa su, ya koma harshen da ya tashi da shi.

Cutar goshi da gefen kai. Wannan takan kama mutane tun suna tsakanin shekara 45 da 65, kuma a nan ne bambancin ɓarin biyu ya fi fitowa fili. Idan ta fara a hagu, harshe ke zubewa a hankali alhali mutum na gane hanya yana kuma aikinsa. Mai sayar da kifi zai riƙe karfasa ya kasa tuna sunanta, daga baya ma a faɗi sunan ya tambayi ma'anarsa. Idan ta fara a dama, hali ke sauyawa: mai kunya ya koma faɗin abin da bai dace ba, mai tausayi ya daina damuwa da kowa, mai tattali ya soma watsa jari, wani ya daina gane fuskar abokan cinikinsa. Irin wannan ya raba aure da zumunci da yawa kafin a gane cewa cuta ce.

Mantuwar jijiyoyin jini. Ƙananan toshewa da ke aukuwa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ba wanda ya lura, suna taruwa su rage hankali. Mutum yakan sauka mataki-mataki, ya ɗan tsaya, ya sake sauka. Wannan ita ce wadda ta fi karɓar rigakafi, domin tushenta hawan jini da ciwon suga.

Ba maita ba ce

Tsohuwar da ke yawo da dare, tana kiran sunayen matattu, tana amsa duk laifin da aka ɗora mata, ba mayya ba ce. Ƙwaƙwalwarta ce ke ciwo, kamar yadda ido ko gwiwa ke ciwo. Kora da duka da ɗauri zalunci ne ga wadda ta fi kowa bukatar kariya. Waɗannan cututtuka ba sa yaɗuwa ta cin abinci tare ko taɓa jiki. Addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti.

Akwai dalili na biyu da ya sa ake so a kawo mai ruɗewa a duba shi. Wasu abubuwan da ke kama da gigin tsufa suna da magani: taruwar jini a cikin kai makonni bayan faɗuwa daga babur, ƙarancin sinadarin B12, ciwon maƙoƙo, cutar ƙanjamau, tunjere, baƙin ciki mai tsanani, da illar wasu magunguna. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya kuwa, a yi zaton zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, a garzaya asibiti.

Rigakafi

Tun 1992 masana suka soma kwatanta dattawan Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis na Amurka, suka tarar cutar mantuwa ta fi ƙaranci a Ibadan. Wannan ya nuna cewa abinci da yanayin rayuwa suna da tasiri, ba gado kaɗai ba. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Ga matakan rigakafin da suka fi shafar mu:

A auna jini a kai a kai, musamman daga shekara 40. Idan ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, a ga ma'aikacin lafiya. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi.

A rage gishiri. Abin da ake so bai wuce giram 5 a rana ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da kifi mai gishiri.

A auna suga. A bar taba da giya.

A sa hular kwano a kan babur, direba da fasinja.

A rage shaƙar hayaƙi. Masu bandar kifi da masu girki da itace su yi aiki inda iska ke wucewa.

Mai feshi ya rufe hanci da baki da hannu, kada ya yi feshi iska na kaɗowa gare shi, ya yi wanka bayan ya gama. Kada a zuba ruwan sha ko mai a galan ɗin maganin feshi, kada kuma a yi amfani da shi wajen kamun kifi ko adana shi.

A nemi maganin raunin ji da yanar ido. Tsohon da ba ya ji ba ya gani yakan keɓe, keɓewa kuma tana gaggauta mantuwa.

A sa yara makaranta, maza da mata. Ilimi tun ƙuruciya yana ƙara wa ƙwaƙwalwa juriya a tsufa.

Kulawa a gida

Wanda magana ta ɗauke masa, a yi masa gajerun tambayoyi masu amsar i ko a'a, a ba shi lokaci, kada a riƙa ƙarasa masa zance. Sau da yawa wanda ya kasa haɗa jimla yana iya ƙirga, ko karanta abin da ya haddace tun yana yaro, ko rera waƙa. A ƙarfafa masa wannan, domin hanya ce ta farfaɗo da harshe.

Wanda hannun damansa ya shanye, a bar shi ya ci da hagu ba tare da gori ba. Larura ce, kuma ciyar da kansa ya fi masa a riƙa ba shi a baki.

Wanda ya manta da hagunsa, a ajiye ruwa da magani a damansa don kada ya rasa su, amma mai hira da shi ya riƙa zama ta hagu yana jawo hankalinsa can. Kada a bar shi ya hau babur ko ya shiga kwalekwale shi kaɗai.

Mai mantuwa, kada a yi gardama da shi. A tsare masa lokacin abinci da barci, a kau da wuta da wuƙa da magunguna, a ɗinka masa lambar wayar wani ɗan'uwa a riga, a kuma sanar da maƙwabta da mai unguwa. Gidajen da ke kusa da ruwa su ƙara kula. Harkar kuɗi da bashi a shigo da amintaccen ɗan'uwa tun mai abin yana iya faɗin ra'ayinsa. Jinya kuma kada a bar wa mace ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa.

Idan za a je asibiti

A fara da cibiyar lafiya mafi kusa ko asibitin gundumar Lagdo. Daga nan ake tura mara lafiya manyan asibitocin Garwa idan ana bukatar hoton ƙwaƙwalwa. Masu dangi a tsallaken iyaka sukan je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola. Duk inda za a je, a tafi da littafin asibiti da kwalayen dukkan magungunan da ake sha, har da na gargajiya. A takardun Kamaru ana rubuta shanyewar ɓarin jiki da haruffan AVC, a na Najeriya kuma CVA, abu ɗaya ne. Sunan magani a kwali yana iya bambanta tsakanin ƙasashen biyu, don haka a nuna wa mai kantin magani tsohon kwalin, a kuma guji maganin tebur na kasuwa.

Wanda zai raka mara lafiya ya zama mai zama da shi kullum, ya kuma shirya amsar tambayoyi huɗu: Wane gefe abin ya fara kamawa? Farat ɗaya ya zo ko sannu a hankali? Mene ne ya fara sauyawa, motsi ko magana ko tunani ko hali? Yaushe aka fara lura? Waɗannan amsoshi su ne rabin aikin likita, kuma iyali kaɗai ke da su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.